Wutar Rana A Goru Banda Da Abin Lura Da Ke Cikinta

Ran 5 ga watan Yuli 2023, kwana kaɗan bayan Babbar Salla, aka yi taro a kan tudun Goru Banda, hayin kogin Kwara, kamar kilomita 12 daga birnin Yamai. Shugaban ƙasar Nijar na lokacin, Muhammad Bazum, shi da babban jami'in harkokin waje na Tarayyar Turai, Josep Borrell, su suka buɗe sabuwar tasha wadda za ta riƙa juya hasken rana ya zama wutar lantarki. Farantai fiye da 55,000 aka jera a wurin sahu sahu, irin waɗanda 'yan kasuwa ke kira sola, ƙarfinsu duka megawat 30, watau babu irinta a girma cikin ƙasar. Kwana 21 da yin wannan biki sai soja suka tsare Shugaban a fadarsa, Janar Abdurrahman Tiani ya karɓi mulki. Abin da ya sami tashar nan tun daga ranar ya isa abin lura ga kowace ƙasa da ke sa rai ga wutar rana.

Wanda bai san al'amarin ba ya kan ce, ai rana kyauta ce daga Allah, ba mai sayar da ita, to, me ya hana ƙasashen da ta fi gasawa su fi kowa wuta? Tambayar tana bisa hanya. Hukumar Makamashi ta Duniya ta lissafta a 2022 cewa kashi 60 cikin 100 na wuraren da suka fi dacewa da wannan aiki a duniya a Afirka su ke, amma farantan da aka kafa a Afirka duka kamar kashi 1 ne cikin 100 na waɗanda aka kafa a duniya. A Nijar kuwa wajen mutum ɗaya ne cikin biyar ke da lantarki a gidansa. Amsar ita ce, hasken kaɗai ne kyauta. Farantin da zai kama shi, da kuɗin sayensa, da gwanin da zai haɗa shi, da ruwan wanke shi, da filin da za a kafa shi, kowanne da mai shi, kowanne kuma siyasa ko halin ƙasa na iya riƙe shi.

Yadda Nijar ta dogara ga wutar maƙwabta

Kafin a gane darajar tashar nan sai an koma baya kaɗan. A 1968 Nijeriya ta gama madatsar ruwa ta Kainji a kan Kwara. A 1976 aka ja babbar waya daga Birnin Kebbi zuwa Yamai, daga baya kuma aka ja wata daga Katsina wadda ke kai wuta Maraɗi da Damagaram. Tun daga nan Nijar ta zauna a kan sayen wuta, har ya zama wajen kashi 70 cikin 100 na lantarkin da kamfanin Nigelec ke raba wa jama'a daga Nijeriya ya ke fitowa. Ciniki ne da kowa ya ga ribarsa. Nijar ta sami wuta da sauƙin kuɗi fiye da wadda za ta samu in ta ƙona man dizal, Nijeriya kuwa, kamar yadda manyan ma'aikatanta suka sha faɗi, ba ta son a datse kogin daga sama ruwan Kainji ya ragu. Amma araha ta kan sa mutum ya saki jiki. Madatsar Kandaji, wadda Nijar ta yi niyyar ginawa a jihar Tilaberi don ta sami megawat 130 nata na kanta, an aza harsashinta a 2008 zamanin Shugaba Tanja Mamadu, aka ba wani kamfanin Rasha aikin, aka karɓe daga hannunsa a 2013, aka sake farawa a 2019 da wani kamfani na ƙasar Sin, har juyin mulkin ya zo ba a gama ba.

Ran 30 ga Yuli 2023 shugabannin ƙungiyar ECOWAS, wadda mutanen Nijar ke kira CEDEAO, suka taru a Abuja suka sa wa Nijar takunkumi. Farkon watan Agusta Nijeriya ta yanke wuta. Yamai da Maraɗi da Damagaram suka riƙa zama cikin duhu sa'o'i masu yawa kowace rana. Mai niƙa ya tsaya, mai walda ya zauna, mai sayar da ƙanƙara ya yi hasara, asibitoci suka koma ga janareta da man tsada. Waɗanda suka sha wannan wuya ba wanda ya shawarce su ran da aka yi juyin mulki, ba wanda ya shawarce su kuma ran da aka sa takunkumi. Cikin watan nan dai kamfanin Sin ya dakatar da aikin Kandaji, gama masu ba da kuɗin aikin sun janye hannunsu.

Kuɗin wa, gwanin wa

A nan ne idon kowa ya koma Goru Banda. An shirya tashar za ta soma ba da wuta ran 25 ga Agusta, amma ranar ta zo ta wuce shiru. Dalili kuwa yana cikin asalin kuɗinta. Biliyan 20 na kuɗin Sefa ta ci. Biliyan 15.5 rance ne daga AFD, watau hukumar Faransa mai ba da kuɗin raya ƙasashe, biliyan 3.5 kyauta ce daga Tarayyar Turai, sauran Nijar ta cika. Kamfanonin Faransa ne kuma suka yi ginin. Da zumunci ya ɓaci tsakanin sabuwar Gwamnati da Faransa, aka tsai da taimako, yawancin gwanayen da ke kan aikin suka bar ƙasar, farantai suka zauna cikin rana a banza alhali birnin da ke kusa da su yana cikin duhu. Sai cikin watan Nuwamba aka kunna tashar da hannun ma'aikatan da suka rage a Yamai, Ministan Makamashi na lokacin, Mahaman Mustafa Barke, ya ba da labarin cewa an ga sauƙi a Yamai da Doso da Tilaberi.

Abu biyu ke cikin wannan, kuma dukansu gaskiya ne. Na farko, tasha ta yi wata uku a tsaye don ilmin sarrafa ta yana hannun baƙi. Na biyu, da ta tashi ba wanda ya iya kashe ta daga waje, don ba ta jiran jirgin ruwa ya kawo mata mai, ba ta jiran maƙwabci ya buɗe mata waya. In rana ta fito tafin hannu ba ya kare ta. Wannan ita ce fa'idar da wutar rana ta fi wutar saye da ita, amma ba a kai ga fa'idar sai an wuce ta ƙofar masu kuɗi.

Ya kamata mai karatu ya san inda tashar rana ta bambanta da injin dizal. Injin dizal yana da sauƙi ran saye, sa'an nan ya yi ta cin mai har ya mutu. Tashar rana kuwa kusan dukan kuɗinta a farko a ke zubawa, bayan nan sai ɗan abin gyara da na wanki. Tun da ba a cika samun mai kuɗin a hannu ba, da bashi a ke ginawa, a yi shekara 20 ko 25 ana biya daga cinikin wuta. Saboda haka mai ba da rance, kafin ya dubi sama ya ga ƙarfin rana, sai ya dubi fada ya ga wa ke mulki, ko wanda zai gaje shi zai riƙe alkawari, ko kamfanin lantarki na ƙasar yana biyan bashinsa, ko kuɗin ƙasar zai faɗi. Duk abin da ya tsorata shi sai ya ƙara a kan kuɗin ruwa. Shi ya sa kuɗin ruwan da a ke ɗora wa irin wannan aiki a ƙasashe masu tasowa ya kan ninka na Turai sau biyu ko fiye, ko da ya ke faranti ɗaya ne daga masana'anta ɗaya, tun da fiye da kashi 80 cikin 100 na farantan duniya a ƙasar Sin a ke ƙera su. Sauran kuɗin kuwa talaka ne ke biya a takardar wuta.

Kada a ce sai inda aka yi juyin mulki ne wannan ke faruwa. A Nijeriya, cikin watan Yuli 2016, kamfanin Gwamnati mai sayen wuta a dunƙule, NBET, ya sa hannu da kamfanoni 14 a kan su gina tashoshin rana masu ƙarfin megawat 1,125, yawancinsu a Arewa, har da Katsina da Sakkwato da Jigawa da Bauci. An yi ciniki a kan santi 11.5 na dalar Amurka ga kowane ma'aunin wuta. Daga baya Gwamnati ta ga farashin faranti yana ta faɗuwa a duniya, ta ce sai a sauko zuwa 7.5, ta kuma ƙi ba da lamunin da masu rance ke nema, watau alkawarin cewa in NBET ya kasa biya Gwamnati za ta ɗauka. Kowa da hujjarsa. Gwamnati tana tsoron ɗaukar wa jama'a bashin dala alhali naira na faɗuwa, masu rance suna tsoron zuba dukiya inda a ke sake magana bayan an sa hannu. Aka yi ta ja, har shekara 7 ta cika ba a ga ko ɗaya daga cikin 14 ɗin ta tashi ba. Wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a Kumbotso ta Kano cikin Janairu 2023, mai megawat 10, da kuɗin Gwamnati aka gina ta.

Zafi da ƙura da dare

Ko da siyasa ta daidaita, halin ƙasa yana da nasa sharaɗi. Mutane da yawa suna zaton gwargwadon zafin rana gwargwadon wutar da faranti zai bayar, alhali haske ya ke so, zafi rage masa ƙarfi ya ke yi. A ma'aunin zafi 25 a ke gwada shi a masana'anta, duk ɗigo ɗaya da ya ƙaru a kan wannan sai ya rasa kusan rabin kashi ɗaya cikin 100 na ƙarfinsa. A Yamai cikin watan Afrilu da Mayu zafin iska ya kan wuce 40, jikin faranti kuwa ya kan kai 60 ko fiye, watau ya rasa kamar kashi ɗaya cikin bakwai na ƙarfinsa daidai lokacin da jama'a suka fi bukatar fanka da ruwan sanyi.

Sa'an nan ga hunturu. Daga Nuwamba zuwa Maris iska na ɗauko ƙura daga hamada, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, hazo ya tare rana a sama, ƙura kuma ta kwanta a kan gilashi. Farantin da ba a wanke ba kullum ƙarfinsa raguwa ya ke. Wanke farantai 55,000 kuwa ba aikin buta ba ne, yana son ruwa mai tsabta da ma'aikata da kuɗin da aka ware tun farko. Goru Banda ta yi sa'a tana kusa da kogi. Tashar da za a kafa a Tawa ko Agadas, inda mata ke tafiya mai nisa neman ruwan sha, dole a san daga wace rijiya za a ɗebi na wanki, da kuma wanda zai rasa in an ɗiba. Nijar ta riga ta soma da ƙaramar tasha mai megawat 7 a Malbaza ta jihar Tawa tun 2018, da rancen Indiya, saboda haka tambayar ba ta gobe ba ce.

Babban sharaɗi duka shi ne dare. Megawat 30 ɗin nan da a ke faɗi ƙarfin tsakar rana ne in sama ta yi garau. Da safe kaɗan ne, da la'asar ya ragu, bayan magariba babu. In an raba abin da irin wannan tasha ke bayarwa a kan sa'o'i 24, kamar kashi ɗaya cikin biyar ne na sunanta, watau wajen megawat 6. Wutar da ke zuwa ta waya daga Nijeriya kuwa ba ta san dare ba. Saboda haka tashar rana, in ba a haɗa ta da manyan batura masu ajiya ba, ko da madatsar ruwa wadda za ta karɓi aiki da dare, rage cin mai kaɗai za ta yi da rana, da magariba injunan dizal su sake tashi. A Goru Banda ɗin ma akwai tashar dizal da aka buɗe a 2017. Nan ne a ke ganin hasarar jinkirin Kandaji, gama ruwa da rana abokan aiki ne: a riƙe ruwa da rana sa'ad da farantai ke aiki, a sake shi da dare.

Fili da itace da darma

Akwai kuma maganar fili. Kowane megawat ɗaya yana cin hekta ɗaya zuwa biyu. Bankin Raya Ƙasashen Afirka yana da shiri na kafa megawat 10,000 na wutar rana a ƙasashe 11 na Sahel, Nijar da Nijeriya da Cadi da Sudan na ciki, watau hekta 10,000 zuwa 20,000 ke nan. Wanda ya dubi taswira daga ofis sai ya ga daji ne ba mai shi. Amma ƙasar nan ba ta da dajin da ba mai shi. Inda babu gona akwai makiyaya, inda babu makiyaya akwai burtali, inda babu burtali akwai mashaya. Nijar tana da dokar ƙasar karkara tun 1993, da dokar makiyaya ta 2010, waɗanda suka san haƙƙin mai kiwo. In an kewaye fili da waya ba a nemi hakimi da ardo da masu gona ba, an shuka rigima wadda za ta fi tashar daɗewa. In kuma ƙauyen da ya ba da filinsa yana kwana cikin duhu wayar wuta na wucewa ta kansa zuwa birni, ba za a sami mai tsaron tashar da zuciya ɗaya a cikinsa ba.

Kada kuma a ɗora wa wutar rana abin da ba ta ɗauka. Yawancin gidajen Nijar da na Arewacin Nijeriya da itace ko gawayi su ke dafa abinci. Ƙaramin farantin da ke kunna fitila da cajin waya ba ya tuƙa tuwo, saboda haka saran itatuwa da gusowar hamada matsala ce mai neman nata magani dabam. Ga kuma baturan gida, waɗanda da yawansu darma ce a ciki, su kan mutu bayan 'yan shekaru, a fasa su a narka a cikin unguwa. Mutanen Zamfara sun ga aikin gubar darma a 2010, sa'ad da ta fito daga duwatsun haƙar zinariya ta kashe yara wajen 400. Ƙasar da ke shigo da batura dubbai ya wajaba ta tanadi inda za a tara matattunsu.

Inda al'amarin ya kai

Ran 24 ga Fabrairu 2024 ECOWAS ta ɗage takunkumi, cikin Maris Nijeriya ta maido da wuta. Amma abu bai koma yadda ya ke a da ba. Ran 29 ga Janairu 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar ta tabbata. Cikin shekarar kuma Ministar Makamashi ta Nijar, Hawa Amadu, ta ce megawat 46 kaɗai ke zuwa daga Nijeriya maimakon 80 da aka saba. Ita Nijeriyar ma ba ta ƙoshi ba, gama cikin Oktoba 2024 yawancin jihohin Arewa sun yi kwanaki cikin duhu bayan an lalata babbar wayar da ke tsakanin Shiroro da Kaduna. Sai da ruwan ciki a ke jan na rijiya, wanda bai ishi gidansa ba kuwa ba a dogara gare shi.

Jama'a dai ba su tsaya jira ba. Farashin faranti ya faɗi da wajen kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020, ya kuma ci gaba da faɗuwa. Cikin wata 12 da suka ƙare a Yuni 2025 ƙasashen Afirka sun sayo farantai daga Sin masu ƙarfin fiye da megawat 15,000. Da yawa daga cikinsu a kan rufin gidaje da shaguna da bakin rijiyoyin lambu suka sauka, ba tare da taro ko yanka kirtani ba. Wannan alheri ne, amma yana da gefensa. Mai hali ne ke iya saye. In masu hali duka suka fita daga wutar kamfani, kuɗin shigar kamfanin ya ragu, talakan da ya rage shi ne zai zauna da wuta mai rauni. Nijar kuma ba ta da bakin teku, kayan nan duka sai sun ratsa ƙasar wani. Tun da iyakarta da Benin ta zauna a rufe har cikin 2025, sai aka riƙa zagayowa da kaya ta Lome da Burkina Faso, hanya mai nisa mai haɗari, kuɗin hanyar kuma a kan mai saye ya ke faɗawa.

Abin da labarin Goru Banda ke nunawa shi ne, ƙasa na iya fita daga dogara ga wayar maƙwabci ta faɗa cikin dogara ga aljihun mai rance da hannun gwaninsa. Mafita kuwa a fili ta ke, ko da ya ke tana da wuya. Duk yarjejeniyar da za a ƙulla a sa a cikinta cewa 'yan ƙasa za su tsaya tare da baƙi tun daga aza harsashi, don ran da baƙo ya tafi kada aiki ya tafi da shi. A ware kuɗin wanki da na gyara kafin a ware na biki. A daidaita da masu gona da masu kiwo kafin a kafa turke, a kuma fara ba ƙauyen da ya ba da fili wuta. A gama Kandaji, a tanadi batura, don dare. Gwamnatin da ta sa hannu a takarda ta yi ciniki da kyau kafin ta sa, in ta sa kuma ta riƙe, gama kowane alkawari da aka saɓa yana ƙara tsadar rancen gaba. Su kuma shugabannin ƙasashen nan biyu, waɗanda jama'arsu ke auren juna suna cin kasuwa ɗaya daga Jibiya zuwa Maraɗi, daga Illela zuwa Birnin Ƙonni, ya kamata su ƙulla cewa kome ya haɗa su nan gaba, ba za a sake mai da wutar asibiti da ta famfon ruwa makamin faɗa ba. Allah Ya ba shugabanni ikon riƙon amana, Ya sawwaƙe wa talakawa, amin.